Garin da Ake Fita Kallon Almuru

Ƙamshin man shanu da aka soya da albasa ne ya cika mana gida a ranar, irin wanda yake kama labule ya yini. Umma ta tuƙa tuwon shinkafa ta yi miyar taushe, ta fito da kwanukan da ba ta taɓawa sai da dalili, domin muna da baƙuwa, kuma baƙuwar ba daga nesa za ta zo ba. Ƙofarta tana kallon tamu.

A lokacin mu uku ne a gidanmu na bene a unguwar Al Rigga, a Dubai. Yayana yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Port Saeed, nan cikin garin, ni na gama karatu na samu aiki a ofishin wani asibitin haƙori, sai Umma da ta baro Kano ta dawo wurinmu bayan rasuwar Abba. Maƙwabciyar tamu wata dattijuwa ce 'yar Japan, ƙarama, mai farin gashi, wadda ta zo ta ɗan zauna da ɗanta injiniya. Ta koyar da Turanci a makarantar garinsu kafin ta yi ritaya, shi ya sa ni da ita muke jin juna. Umma kuwa ba Turanci, amma tun ranar da ta aika mata da waina ran Sallah, kwanon ya dawo da wata alawar wake a ciki, ta yanke cewa matar 'yar mutunci ce. Hajiya take ce mata. Yaya ya yi ta tsokanarta cewa Hajiyar ko filin jirgin Jidda ba ta taɓa gani ba. Umma ta ce ita ba za ta buɗe baki ta kira sunan mai furfura ba, in yana da wani sunan girma da ya fi wannan ya kawo. Bai kawo ba. Mu ma duk muka bi bakinta.

Bayan mun ci abinci ne Hajiya ta ciro wayarta ta ce za ta nuna mana garinsu. Sunansa Matsue, yana bakin wani babban tafki. Na zauna tsakaninsu ina mayar da magana, wannan ta faɗa na juya wa waccan. Ta nuna mana wata tsohuwar fada ta baƙin katako a kan tudu, rufinta hawa-hawa kamar an jera faifai. Umma ta ce lalle masu ginin nan sun san aiki. Ta nuna mana ruwan da ya zagaye fadar, da wani ƙaramin kwalekwale mai rumfa da ke yawo da mutane a kansa, ta ce akwai gadojin da suka yi ƙasa sosai, in an zo wucewa sai rumfar ta sauko, kowa ya kwantar da kai. Umma ta yi dariya har da riƙe haɓa. Ta nuna shayinsu kore mai kumfa, da ƙananan alawoyi masu siffar fure. Ni kuwa tun daga hoto na biyu na daina jin ƙasa a ƙarƙashina. Tun ina yarinya haka nake, in na ga wuri a hoto sai in shiga in zauna a ciki, har a yi ta kirana ban ji ba.

Hajiya ta lura. Ta ce ta kusa komawa gida, kuma tana da ɗaki da babu kowa a ciki. In zo da kaka, lokacin da ganyen bishiyoyi yake yin ja. Na juya wa Umma maganar, ta yi murmushi ta ce a yi mata godiya.

Sai hoto na ƙarshe, wanda Hajiya ta ce shi ne abin da garinsu ya fi alfahari da shi. Mutane ne birjik a kan matakala a bakin ruwa, wasu a zaune wasu a tsaye, duk sun juya baya suna kallon wuri ɗaya. Rana ta yi ja ta sauko daf da ruwan, ga wani ɗan tsibiri da 'yan bishiyoyi ya yi baƙi a gabanta.

Umma ta matso da wayar kusa da idonta.

"Wani ne ya faɗa ruwa?"

Na ce a'a. Na ce faɗuwar rana suke kallo, har daga wasu garuruwa ake zuwa don ita.

"Da almuru?"

"Eh, Umma."

"A bakin ruwa."

Umma ta ɗauke idonta daga hoton. Ta miƙa wayar da hannu biyu, ta zuba wa baƙuwarta ƙarin zoɓo, aka ci gaba da hira. Da Hajiya ta tashi, har bakin ƙofarta Umma ta raka ta, duk da taku kaɗan ne. Sai da muka dawo ta rufe tamu sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Auta, wannan garin ba na zuwanki ba ne."

Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san almuru. Da rana ta yi ja Umma take miƙewa. A Kano za ta leƙa zaure ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, a shigo da shanya, a rufe randa, a ja ƙofa. Ba a zubar da ruwan zafi, ba a tsayawa a bakin rijiya, ba a zama a dokin ƙofa. Takan ce lokacin ba namu ba ne, masu shi suna fitowa, mai hankali sai ya ba su hanya har a yi sallah duhu ya daidaita. Da ta zo Dubai ba ta bar ko ɗaya ba. A unguwar da fitilun otal-otal da na 'yan canji ba sa barin dare ya yi duhu, ita da ta ga rana ta sunkuya za ta bi tagogi ta rufe, ta saki labule, ta sa turare a kasko, ta zauna da carbinta. In ban dawo daga aiki ba ta kira ni ta ce in tsaya a cikin tashar jirgin ƙasa sai an kira sallah. Yaya yakan ce aljanin da zai hawo benen nan sai ya fara neman katin shiga wurin maigadi. Takan ce, "Babana, kai dai rufe min taga." Sunan mahaifinta yake da shi, haka take kiransa.

Don haka na san ba tafiyar ce ta tsaya mata ba. Ita ta sa min albarka na taho karatu ƙasar Larabawa ni kaɗai, tun kafin Yaya ya samu aiki a nan. Abin da ba za ta iya haɗiyewa ba shi ne a ce 'yarta ta hau jirgi ta ƙetare duniya don ta je ta tsaya a bakin ruwa a daidai lokacin da ta yi shekaru tana janye ta daga waje.

Yaya ya shiga maganar da irin tasa hanyar. Ya ce ai ba dole ne in je bakin tafkin ba, in ga fada in sha shayi in dawo, khalas, shi ke nan. Umma ta ce ta san 'yarta, in ta je garin sai ta je bakin tafkin. Gaskiya ta faɗa, ban musa ba. Ya ce mutanen nan shekara da shekaru suna yi, ba a ji abin da ya same su ba. Ta ce shi ya bi su gida ya gani? Daga baya ya same ni a kicin ya ce ni fa ba yarinya ba ce, ina da albashina, in nemi biza kawai, in an buga ta Umma za ta haƙura. Na ce masa ba zan iya kallon ranar nan ba in na san tana nan ranta a ɓace. Ya ce to sai in yi ta kallonta a waya.

Haka na yi kuwa. A cikin jirgin ƙasa, a lokacin cin abinci, sai in buɗe hoton da Hajiya ta turo min in yi ta duban ɗan tsibirin. Kwanakin tafiyarta suna ta matsowa, ta fara ɗaure kaya. Ta ce min in za ta rubuto takardar gayyata gara ta san matsayina kafin ta tashi, don ɗanta ne zai taimaka mata da ita. Na san in ta tafi ban ba ta amsa ba, maganar ta mutu ke nan.

Ranar da na je na gaya mata ba zan samu zuwa ba, na yi niyyar in ce aiki ne. Da ta tambaye ni a hankali ko mahaifiyata ba ta yarda da ita ba ne, sai na ji ba zan bar ta da wannan zaton ba. Na faɗa mata komai, rufe taga, da randa, da masu lokaci, kaina a ƙasa, ina jiran ta yi irin murmushin da masu ilimi suke yi wa irin wannan magana. Ba ta yi ba. Sai ta ɗauki ɗan mayafin da take yafawa in za ta shigo wurinmu ta ce in zo in yi mata tafinta.

Ta zauna gaban Umma a kan darduma, ta naɗe ƙafafu. Ta ce tana yarinya, in rana ta yi ja, mahaifiyarta takan fito bakin hanya ta yi ta kiranta, in ta yi jinkiri har da duka. Ta ce suna da suna ga wannan lokacin, tasogare, asalinsa tambaya ce, wai wane ne wancan, domin lokaci ne da za ka ga mutum tafe ba ka iya shaida fuskarsa. Tsofaffinsu suna cewa ba duk wanda ka gamu da shi a lokacin ne mutum ba. Har yau, in ji ta, a garuruwa da yawa akwai ƙaramin kiɗa da ake sakewa ta lasifika da yamma don yara su san lokacin komawa gida ya yi.

Ina juyawa ina kallon fuskar Umma. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ashe sun san almuru," ta ce. Ni ta gaya wa, ba baƙuwar ba. Sannan ta ce in tambaye ta, tunda sun sani, me ya kai su.

Hajiya ta ce ba ta da amsa mai kyau. Ta ce ba a zuwa a kaɗaice, kuma ba a daɗewa, da ranar ta nutse kowa yake kama hanyar gida. Ta ce ita sai da ta girma ta fara zuwa, kuma har yanzu in tana tsaye a wurin takan ji kamar za a kira ta daga baya.

Umma ta ci gaba da jan carbinta. Da ta buɗe baki, abin da ta faɗa ko a mafarki ban zata ba. Ta ce ita ba ta hana abin da ba ta sani ba, kuma ba ta ba da izinin abin da ba ta sani ba. Gobe mu kai ta inda ake ganin faɗuwar rana a garin nan ta ga abin da ake kallo.

Unguwar Al Ras ta bakin ruwa muka je, ni da ita da Hajiya. Yaya ya sauke mu yana ta yalla yalla, wai mu yi sauri don kar mu makara, amma na ga shi ma jikinsa ya yi sanyi. Muka ratsa ta gaban shagunan kayan yaji, warin kanumfari da busasshen lemo yana bin mu, har muka fito bakin ruwa. Umma ta yi alwalarta tun daga gida. Ta sa babban mayafinta ruwan toka, ta riƙe hannuna kamar ni ce uwar. Kwalekwalen haya suna ta ƙetarawa da mutane, tsuntsayen ruwa suna kuka a kansu, wasu leburori suna zaune a kan buhuna suna shan shayi. Rana tana can bayan gine-ginen ƙetare, ta yi girma, ta yi laushi, har ana iya dubanta.

Leɓɓan Umma ba su daina motsi ba. Sau ɗaya na ji ta ja ni baya kaɗan, jikinta yana son yin abin da ya saba, sai kuma ta tsaya. Matar da ta haura sittin, wadda tunda aka haife ta ba ta taɓa tsayawa a waje da gangan a wannan lokacin ba, ta tsaya ƙyam a bakin ruwa a ƙasar da ba tata ba, ta ɗaga kai. Ni ban kalli ranar ba sosai. Ita na kalla, hasken ya mayar da fuskarta kamar jan ƙarfe, kuma ban taɓa jin girman kasancewa 'yarta kamar a lokacin ba.

Da ranar ta shige sai kiran sallah ya tashi daga wannan gaɓa da waccan, wani yana shiga cikin wani. Umma ta sauke numfashi.

"Ashe haka take yi," ta ce. "Shekara nawa tana yi a bayan tagata."

Muka shiga wani masallaci a kusa, Hajiya ta zauna a waje riƙe da jakar Umma a cinyarta. Da muka fito, Umma ta kama hannuna ta sa a cikin na Hajiya, ta haɗa ta riƙe. Ta ce in faɗa mata amana ce ta ba ta. Na rasa kalmar da zan sa a Turanci, na yi ta kewaye-kewaye, amma Hajiya ta riga ta sunkuyar da kai. Sharaɗin Umma kaɗan ne: in je da alwala, kar in je ni kaɗai, da ranar ta nutse in ba ruwan baya in yi sallah.

Na je da kaka. Garin ya fi hotonsa shiru. Na hau fadar da safa kawai a ƙafata, don ana cire takalmi, matakalar katakon a tsaye take kamar tsani, tana da santsi saboda ƙafafun da suka bi ta. Daga can sama na ga tafkin ya shimfiɗe har inda ido ya gaza, da duwatsu a bayansa shuɗi-shuɗi. Na shiga kwalekwalen nan mai rumfa. Da muka doshi gada mai tuƙin ya yi magana, rumfar ta fara saukowa, sai ga mu duka, ni da Hajiya da wasu tsofaffi masu kyamara, mun kifa kai a kan gwiwa muna dariya a cikin duhu, ruwa yana wari irin na gansakuka. Na sha shayin mai kumfa a wani ɗaki mai tabarmi, yana da ɗaci, shi ya sa ake fara cin alawar. Kowace safiya Hajiya tana dafa min romon wasu ƙananan dodon koɗi da ake kamowa a tafkin, ta kuma ware min tukunya da cokali nawa ni kaɗai ba tare da na roƙa ba. In muna tafiya a titi mutane sukan dubi mayafina su ɗan sunkuya, ni ma in sunkuya. Wata mata a shagon alawa ta tambayi daga ina nake, na ce Kano, na kuma sa ta maimaita har ta iya.

Bakin tafkin kuwa kusan kullum muke zuwa in babu hadari. Mutane suna taruwa a hankali, ba hayaniya, kowa ya nemi wuri a kan matakalar. Ruwan yakan fara da fari, ya koma ruwan zuma, sannan ya yi ja, ɗan tsibirin da bishiyoyinsa su yi baƙi kamar an zana su da tawada. Babu mai magana. A ranar farko, da gefen ranar ya taɓa ruwa, na ji sarai kamar ana kirana daga baya, da muryar da na sani. Ban juya ba sai da ta nutse duka. Sannan na juya, kamar yadda na yi alkawari. Babu ladani a garin, sai Hajiya ta zama ita ce mai duba min. Takan taɓa kafaɗata ta ce ta shige. In hau kan ciyawa nesa da ruwan in shimfiɗa sallayata, ita kuma ta tsaya a gefena da jakata, ƙaramar mace mai farin gashi, tana kallon masu wucewa ɗaya bayan ɗaya har in sallame.

Da na dawo Umma ta tare ni a bakin ƙofa, ta juya ni ta duba gaba da baya, ta ce na rame. Ta kalli hotunan duka, ta sa na maimaita mata labarin gada sau da yawa, ta kuma gaya wa duk wata Hajiyar Kano da ta zo sarin kaya ta biyo ta gidanmu cewa autarta ta je Japan ta dawo. Ban taɓa jin ta ce ta damu ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai bayan shekaru, muna hira da Yaya a kan wani abu dabam, ya faɗa min. Tun ranar da na tashi Umma ta sa shi ya duba mata lokacin da rana take faɗuwa a Matsue, ya gaya mata daidai da tsakar rana ne a Dubai. Wata rana ya dawo gida kafin azahar ɗaukar wasu takardu, rana tana tsakiyar sama, titin Al Rigga yana ƙuna, ya buɗe ƙofa ya tarar da gidan da duhu. Tagogi a rufe, labule a sake, turare yana tashi a kasko, Umma tana zaune da carbinta. Ya tambaye ta lafiya. Ta ce ya shigo ya ja ƙofar, almuru ta yi a wurin Auta. Ya ce haka ta yi kullum har na dawo.